Ina son in haɗa shafin da zai tara mod ɗin (gyare-gyaren wasannin waya) da yaran garinmu ke yi, ta ina zan faro?

Tambaya: Salamu alaikum yaya. Muna da guruf nan Sakkwato na masu buga Bus Simulator Indonesia da masu ƙwallo a PPSSPP, manhajar da ke kunna wasannin na'urar PSP a waya. Akwai yara masu hannu ƙwarai, suna fentin motoci irin namu na gida, suna haɗa rigar Sokoto United, amma komi cikin WhatsApp yake nutsewa, bayan sati biyu sai ka ji ana "don Allah wa ke da wancan fayil ɗin". Ina son in haɗa shafi guda a intanet a tara su duka, kowa ya shiga ya nemo abin da yake so. In fara koyon yaren kod na PHP ne in sayi hostin (wurin aje shafi a intanet), ko yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗin hostin ɗinka tukuna, PHP ɗin ma ba gudu za ta yi ba, kana iya koyonta daga baya. Abin da kake shirin ginawa mafi yawanshi ba kod ba ne, rajista ce. Wa ya yi wanga mod, na wace mota ne ko wane wasa, da wace siga (version) ta wasan shike aiki, ina fayil ɗin yake, yaushe anka gwada shi na ƙarshe kuma a wace waya. In ka iya riƙe amsoshin waɗanga tambayoyi daidai, to ko shafin fari ne fat ba ado mutane za su riƙa dawowa. In ba ka iya ba, komi kyawonshi sau biyu mutum zai ƙona data ya sauke abin da bai aiki, na ukku ya koma guruf ya ci gaba da roƙo.

Shawarar farko da za ka yanke ita ce, kai za ka aje fayilolin ko kuwa nuni kawai za ka yi zuwa inda suke. Ni ina ganin ka zama ɗan kamasho. Ɗan kamasho a tasha ba shi da mota ko guda, amma shi ya san wagga Illela za ta, waccan Gusau, wagga saura mutum biyu ta cika, waccan direbanta ba ya da kirki kar ka shiga. Shafinka haka ya kamata ya zama, bayani da hoto da linki, fayil ɗin kuma yana wurin mai shi. Kuma ba ƙaramin mutum ne kawai ke haka ba. Obsidian, manhajar rubuce-rubuce da ke da dubban ƙarin da jama'a sunka haɗa, ta daɗe tana tafiyar da jerinta da fayil guda ɗaya tak a GitHub, shafin da masu kod ke aje aikinsu, kowane ƙari layi kaɗan ne a ciki: lambar shaida, suna, mai shi, ɗan bayani, da inda kod ɗin yake. Ainihin kayan suna hannun masu su, mutum ya gyara abinshi ya ɗora sabo ba sai ya jira kowa ba.

Matsalar wagga hanya guda ce, linki na mutuwa. Yaro ya ɗora a MediaFire ko Google Drive, waya ta ɓace, ya manta kalmar sirri, ko ya share don wuri ya cika mashi, shi ke nan aikin ya tafi. Drive ma in mutane sunka yi wa fayil ca a lokaci guda yakan rufe shi na ɗan lokaci ya ce an wuce ƙima. Don haka ka raba kayan gida biyu. Ƙanana irin fentin mota da ba su wuce 'yan mega ba, ka aje kwafi wurinka. Manya kuma ka yi nuni, amma ka nemi izinin mai su tun ranar da ya kawo cewa za ka aje kwafin ko-ta-kwana, in nashi ya mutu a ɗora naka. Tashar Telegram na ɗaukar fayil har 2GB, sashen Releases na GitHub ma kusan haka ne ga kowane fayil, duka kyauta. Izinin nan ka sa shi cikin fom ɗin kawo kaya a matsayin akwatin da mutum zai danna, don bayan shekara biyu ba lallai ka same shi ba, ƙila ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi.

To yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato guraben da kowane mod zai cike. Buɗe Google Sheets yau ɗin nan ka fara jera su, kafin ka taɓa kod ko layi guda.

Ɗauki fentin mota na BUSSID, wato Bus Simulator Indonesia. Bai isa a rubuta "fentin bas ɗin Sakkwato zuwa Abuja" ba, dole a faɗi na wace mota ne, don kowace mota a wasan da nata zanen shimfiɗa. Wanda anka zana don Arjuna XHD in ka ɗora shi kan Bimasena SDD ko Yudistira HD sai ka ga rubutun ya hau gilashi, fitila ta koma ƙofa, komi ya karkace. In kuma fentin na motar mod ne, ba ta cikin wasan ta asali ba, to dole ka haɗa shi da linkin motar kanta, in ba haka ba mutum ya sauke fenti ba shi da motar da zai shafa wa. Masu wasan Luanti, wanda a da ake kira Minetest kafin a canza suna a 2024, sun daɗe da magance wanga, kowane mod na da ɗan fayil mai suna mod.conf da ke faɗin waɗanne mod yake buƙata kafin ya tashi. Kai ma ka yi gurbi guda ka kira shi "sai da me yake aiki".

Akwai wani abu kuma da ke faruwa kullum a shagunan masu caji da tura wasanni, in ka tsaya wajen Dandima ko Mabera da yamma za ka iya gani da idonka. Yaro ya karɓi fenti a WhatsApp, ya ɗora, daga waje mota ta yi kyau abinta, ya shiga mazaunin direba sai ya iske gilashin gaba ya toshe, ba ya ganin hanya sam, ya fara zagin wanda ya zana. Alhali mai zane ba ya da laifi. Fentin PNG ne mai wuraren da ake gani ta cikinsu, wanda ya tura ya tura shi a matsayin hoto, WhatsApp ya matse shi ya maida shi JPEG, shi kuma JPEG bai san wani fili mai gani-ta-ciki ba, sai ya cike wurin da launi. Da a matsayin dokumen anka tura da lafiya lau ne. Saboda haka a shafinka hoton nuni daban, fayil na saukewa daban, kuma ka rubuta ɓaro-ɓaro kar a danne hoton nuni a aje shi a ce an samu fenti. Wanga kaɗai in shafinka ya gyara ya biya kuɗin sabulu.

Na PPSSPP ya fi rikici. Ka san kamfanin Konami ya daina fitar da wasan ƙwallo na PES a PSP tun kan PES 2014, duk waɗannan da kake ji ana kira da sunan shekarar bana tsohon wasa ne anka yi wa gyara, kuma masu gyaran sun yi yawa, kowa da nashi. Emuletan, wato PPSSPP ɗin, yana neman tekscha (hotunan riguna da sauransu) ne cikin PSP/TEXTURES, a cikin folda mai ɗauke da lambar wasan, irin masu farawa da ULES ko ULUS ɗin nan, tare da fayil ɗin textures.ini. In lambar folda ba ta zo daidai da ta wasan da ke wayar mutum ba, ba wani saƙon kuskure da zai gani, wasan zai buɗe lafiya da tsofaffin riguna, sai ya ce an yaudare shi. Don haka lambar wasa gurbi ne na dole, wanda bai cike ba kar fom ɗin ya bar shi ya wuce. Haka SAVEDATA, wato fayil ɗin ajiyar wasa, a faɗi da wane tekscha yake tafiya, don sunayen 'yan wasa suna wuri guda riguna suna wani wuri.

Sai siga, kuma ita ce ke kashe irin wanga shafi a hankali ba a sani ba. Manhaja na sabuntawa, tsofaffin ƙari na daina aiki. Lokacin da Firefox 57 ya fito a Nuwamban 2017 ya daina karɓar tsohon tsarin ƙari gaba ɗaya, manhajar zanen 3D ta Blender 2.80 a 2019 ma sai da masu ƙari sunka sake gyara kayansu kafin su yi aiki. Manyan ke nan. Ku ma za ku gani, kuma ba wasan kaɗai ba har Android ɗin, tun daga Android 11 anka matsa shiga foldar Android/data, bayanin sakawa da ya yi aiki a tsohuwar waya sai ya ƙi a sabuwa. Kar ka yarda da "yana aiki da duk siga", ba wanda ya gwada duka. A rubuta wadda anka gwada, da ranar, da wayar. Wayar nan kar ka raina ta, yawancin masu shigo maka itel ne da Tecno masu RAM 2GB ko 3GB, tirela mai fitilu ɗari da ta yi sumul a wayar mai zane sai ta daskarar da tasu. Girman fayil ma ya fito fili gaban maɓallin saukewa, mutum ya san mega nawa zai kashe kafin ya danna.

Kowane mod ka ba shi lambar da ba ta canzawa har abada, ko da an canza mashi suna sau goma. AnkiWeb, shafin ƙarin manhajar karatu ta Anki, haka take yi, lambar ƙarin ce kawai kake kwafa ka liƙa cikin manhajar. Dalili, sunayen da yara ke sawa ba abin dogaro ba ne, za ka samu "sabon tirela", "sabon tirela 2", "sabon tirela na ƙarshe gyararre", duka abu guda. In sabon gyara ya fito a ƙara shi ƙarƙashin tsohuwar lamba, tsohon kuma kar a goge don akwai wanda bai sabunta wasanshi ba.

Ginin kanshi ba wuya. Google Forms na karɓar kaya, suna zuba cikin Sheets, kai kana da gurbin "an amince" da kake sa wa eh bayan ka gwada. Sai ka buɗe tebur na biyu da ke jawo waɗanda anka amince da su kaɗai da FILTER ko QUERY, shi za ka wallafa a matsayin CSV, wato tebur a rubutu zalla. Kula, na biyun za ka wallafa ba na farko ba, na farkon akwai lambobin wayar mutane ciki. Shafin HTML guda da ɗan JavaScript ya karanto CSV ɗin ya jera, ka ɗora a GitHub Pages ko Cloudflare Pages ba ko kwabo. GitHub Pages na ba ka har 1GB na wuri da kimanin 100GB na zirga-zirga a wata, tunda ba manyan fayiloli kake ɗauke da su ba ba za ka kai ko kusa ba. Hotuna ka maida su WebP ka rage su, wanda ke Kware ko Wamakko da sabis sanda biyu shi ma ya buɗe. In abin ya zauna sai ka koma Jekyll ko Hugo, manhajojin da ke haɗa shafuka tun kafin a ɗora su, don kowane mod ya samu shafinshi na kanshi, amfanin haka shi ne in an liƙa linki a WhatsApp hoto da suna su fito ƙasanshi, wanda shafin da JavaScript ke cikewa bayan an buɗe ba ya bayarwa. Kuma ta WhatsApp ɗin dai mutanenka za su riƙa zuwa, ba ta Google ba.

Wurin bincike akwai ɗan abin da sai namu ya san da shi. Wani zai rubuta ƙ wani k, wani ɗ wani d ko d', wani Sakkwato wani Sokoto, wani tirela wani trailer. Kafin ka gwama abin da mutum ya rubuta da abin da ke tebur, maida duka ƙananan haruffa, cire lanƙwasa da alamar ɗauri, sannan ka yi gurbin ɓoye na "sauran sunaye". Layi biyar ne na kod amma in babu shi mutum zai nemi abin da ke nan a ce mashi babu.

Kar ka yi rajistar masu amfani da kalmar sirri. Ranar da ka fara aje kalmar sirrin mutane ka ɗauko nauyin da ba ka shirya ba, ga dokar kare bayanai ta 2023, ga kuma yawancin masu kawo maka kaya yara ne 'yan sakandare. Sunan da mutum ya zaɓa a san shi da shi ya isa, lambar waya kuma kar ta fito fili. Taurarin ƙima ma bar su, a guruf ɗin da kowa ya san kowa abokai ne za su ba juna biyar su ba abokin faɗa ɗaya. Abin da ya fi shi ne ɗan fom na "ya yi min aiki" ko "bai yi ba" tare da sunan waya da siga.

Sai maganar tsaro, a nan ba na sassauci. APK, wato fayil ɗin saka manhaja a Android, kar ya shiga shafinka, ko na waye, musamman masu cewa kuɗi ba iyaka. Hoto ko tekscha abu ne da wasa ke karantawa, APK kuwa manhaja ce mai zaman kanta da za ta iya neman izinin karanta saƙonni, a wayar da ake shigowar lambar banki. Kuma kar ka ce ai mun san juna. A Yunin 2023 anka gano wata muguwar manhaja da anka sa wa suna fractureiser cikin mod ɗin Minecraft a shafukan tara mod na CurseForge da Bukkit, wasu ta asusun masu mod da anka sace anka ɗora su, tana kwashe bayanan shiga na mutane tana kuma yaɗuwa cikin sauran fayiloli. Wurare ne masu ma'aikata da kuɗi abin ya ratsa su. Duk zip da anka kawo ka buɗe shi da ZArchiver ka ga mi ke ciki, ka ɗora a VirusTotal, shafin da ke duba muguwar manhaja cikin fayil, yana karɓar har 650MB. Can zai nuna maka wata doguwar lamba, SHA-256, ka kwafe ta ka aje a tebur. Ita ce shaidar ainihin fayil ɗin da ka duba, don tunda fayil na hannun mai shi yana iya musanya shi bayan ka amince, in ka sake saukewa lambar ta canza ka san an taɓa.

Doka biyu da za su jawo maka baƙin jini amma ka tsaya kansu: ba zip mai kalmar sirrin da sai an kalli bidiyon wani kafin a samu, ba kuma gajeren linki mai bi da mutum ta shafukan talla biyar. Tallar caca da hotunan banza ne ke cike da su, uban yaro ya gani a wayar ɗanshi sunan shafinka zai riƙe. Mai son a san tasharshi ta YouTube a ba shi gurbi a sa linkinta a fili, ba laifi.

Fayil ɗin ISO, wato ainihin wasan PES ɗin, shi ma kar ka jera, kayan Konami ne ba na yaran guruf ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda anka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar kai ƙorafi a sauke abu daga intanet, kuma tun kafin a kai nan masu ba ka wuri kyauta suna iya rufe shafin dungurungum kan ƙorafi, aikin mutum hamsin ya tafi saboda fayil guda. Tsaya kan abin da yaran sunka yi da hannunsu.

Rigimar da za ka fi sha ma ba ta kamfani ba ce, ta cikin gida ce, "ni na zana ya goge sunana ya sa nashi". Sau da yawa kuma in ka bincika motar wani ɗan Indonesiya ne ya ƙera ta, namu fenti kawai ya canza, wanda ba aibi ba ne in mai ita ya yarda kuma an faɗa. Yi gurbi biyu, mai asali da wanda ya gyara. In mutum biyu sunka yi jayayya kar ka tsaya sauraren rantsuwa, ce kowa ya turo fayil ɗin aiki mai hawa-hawa, PLP na PixelLab ko PSD ko na ibisPaint. Wanda ya zana yana da shi ko yana da tsofaffin gwaji, wanda ya kwafa hoton ƙarshe kawai gare shi. Kafin a gama ka ɓoye mod ɗin, kar ka goge.

Kar ka buɗe shafin fanko kana jiran a kawo, ba mai kawowa. Bi tsofaffin saƙonnin guruf ka tsamo talatin ko arba'in mafi kyau, ka nemi izinin masu su, ka cike masu guraben da kanka, ka gwada kowane. In yaro ya ga nashi da sunanshi da hoto tsaf, na gaba shi zai cike fom ba ka roƙe shi ba. Asusun Google da na GitHub kuma ka buɗe na ƙungiya, mutum biyu ko ukku su san shiga, don jarrabawa na zuwa, wuta na ɗaukewa, waya na faɗawa ruwa. Sau ɗaya a wata ku raba linkin ku bi su, wanda ya mutu a sa mashi alama ja a bar bayaninshi nan, sau da yawa wani na da kwafi a tsohon memori zai kawo.

Domen, wato adireshin shafi na kanka, ba gaggawa, adireshin kyauta na github.io ya ishe ka farko. In za ka saya, .com.ng ta hannun dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su ya fi sauƙin biya da naira, sai dai ka sa ranar sabuntawa a kalanda don shekara-shekara ake biya, in ya kuɓuce duk linkin da anka raba sun mutu tare. Ranar da ka ga masu mod sun fara damunka da "canza min linki, gyara min bayani" har ba ka iya bi, to lokacin PHP ko Python ya yi, kuma ko a lokacin kafin ka rubuta komi leƙa kod ɗin ContentDB, shafin tara mod na Luanti, a buɗe yake a GitHub, da Python anka rubuta shi, ka ga yadda sunka tsara layin jiran amincewa da shafin kowane mai mod. Teburinka na Sheets kai tsaye za ka zuba shi ciki in guraben sun tsaru tun farko. In ka jera su turo min hoton allo in duba kafin ka saki fom ɗin.